Man Gyaɗa a Tankin Yaya

Ranar da aka ce sojoji na bin gida-gida a unguwarmu ta Kpangalam suna neman samarin da suka yi jifa wajen zanga-zanga, Inna ta ce Yaya ba zai ƙara kwana a Sokodé ba. Ta ce ya tafi Dapaong wurin Kawu. Ni kuma in hau bayan babur, wai saurayin da ya goyo ƙanwarsa ba ya kama da mai jifa. Ni da ko kaza ta harare ni sai na yi ihu!

Matsalar ita ce mai. Babur ɗin Yaya irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji ne, yajin aiki kuwa ya rufe kantuna. An samu fetur a kwalba, man gaurayen ne babu.

Inna ta ɗauko man gyaɗar da take suyar ƙosai.

"Inna, ba santsi kaɗai ake nema ba," in ji Yaya. "Na gwangwani akwai magani a ciki, mai wanke fistan, mai hana ƙarfe cin ƙarfe in ya yi zafi. Wannan danƙo zai zama."

"Danƙo ya fi bulalar soja. Zuba!"

Ya zuba, ya jijjiga tankin, muka kama hanyar arewa da hantsi.

Da farko injin waƙa yake yi. Hayaƙinmu ƙamshin suya, na rantse karnukan ƙauyuka uku sun bi mu. Amma ban iya dariya ba. Kowane shingen sojoji muka hango, sai in ƙanƙame rigar Yaya har ya ce zan karya masa haƙarƙari.

Bayan la'asar babur ya fara tari. Sai Yaya ya tsaya ya goge fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mu ɗan ci gaba. Daga baya wata ƙara ta shigo, kamar ana kankare ƙanzo da cokali.

"Yaya, mene ne?"

"Yi shiru, sarkin surutu. Injin ne ke cin kansa."

Daidai shingen Bombouaka injin ya ƙame. Tayar baya ta ja ƙasa, muka tsaya a gaban bindigar wani soja. Sojan ya dubi Yaya sama da ƙasa.

"Daga ina? Gudun me kuke?"

Sojan ya matso, sai ya ɗaga hanci.

"Ke yarinya, ina ƙosan da kika ɓoye?"

"Ranka ya daɗe, a tanki yake," na ce, hawaye na zuba.

Ya buɗe tankin ya shinshina. Ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina. Suka yi ta dariya, suna cewa masu dafa babur ba su da wayon tayar da gari. Suka ɗaga sandar shingen, har da nuna mana motar doya da za ta kai mu, mu da babur ɗin.

Da Kawu ya buɗe injin a Dapaong, fistan ya yi zane-zane kamar kyanwa ta yakushe shi, zobbansa sun manne da danƙo. Babur bai sake tashi ba. Yaya ya zauna kusa da shi a tsakar gida, da ransa da lafiyarsa. Da matar Kawu ta kawo ƙosai da safe, dukanmu biyu muka ce mun ƙoshi.