Ni Na Wanke Gangunan Iliyasu

Bana shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Iliyasu makwancinsa a nan Garwa. Har yau in an ambace shi a unguwa sai wani ya ce, "Allah ya jiƙan mai kifin da ya mutu." Wannan suna ni na ja masa.

Mu 'ya'yan masunta ne, a bakin Binuwai muka tashi. Ni aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu. Shi ya daure, ya dawo da wata dabara: kiwon tarwaɗa a cikin kwamin siminti a bayan gida. Famfon lantarki ya ja ruwan ya bi da shi ta ganga uku, ta yashi, ta tsakuwa, ta gawayi, ya sake komawa kan kifin. Na ce masa, "Kai, ruwan da kifi ya yi kashi a ciki za ka mayar masa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kogi raguwa yake yi. Ka zuba musu abinci kawai, kada ka taɓa gangunan."

Ya tafi Meiganga gaisuwar mutuwa. Na leƙa gangunan, duk yauƙi, kore shar. Na ce wannan ƙazanta ce. Da rana tsaka na juye su, na wanke tas da sabulu da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Garin neman gira aka rasa ido. Ya dawo ya tarar da kifinsa ciki sama.

Kwana biyu yana kwance famfo yana ɗaurawa. Ya tambaye ni ko an ɗauke wuta. Na ce an ɗauke. Ya ce, "To, in ɗauke wuta kawai zai kashe su, ashe dabarar ce ba ta yi ba." Bai sake gwadawa ba har ciwo ya tafi da shi.

Yanzu masu manyan riguna sun cika gari da irin wannan kiwo, wai sabon abu. Bara na ji wani malamin gona yana cewa yauƙin nan shi ne ran abin, shi ke cinye dattin ruwan. Da Iliyasu na nan me zai ce? Ban san ko murna zai yi ba, ko ni zai juyo ya kalla.

Gangunan suna nan, matarsa na tara ruwan sama a ciki. Ɗansa Hamidu yana sayen wannan jarida. Hamidu, dabarar ubanka daidai take. Ba a ɗauke wuta ba.