Baba Larai Mai Zane

Duk wanda ya san Baba Larai a Rikoto, nan Zuru, ya san leɓensa ba ya kwana biyu da launi ɗaya. Yau shuɗi, gobe ja, domin sai ya lashi burushi kafin ya ɗora a takarda. Na taɓa ce masa, "Baba, fentin nan zai kashe ka." Ya ce, "Maman Iliya, shekara arba'in ina ci, ko ƙoshi ban yi ba, balle mutuwa."

Sunansa na gaskiya Lars, mutumin ƙasar Suwidin. Bakinmu ya kasa, muka mayar da shi Larai, sunan mata, shi kuwa ya amsa har ƙarshen ransa. Mishan ne suka kawo shi ya zana hotunan littattafan koyon karatu da yarenmu, aikin shekara biyu. Littattafai suka ƙare, mishan suka tafi, shi ya ƙi motsi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

Kun tuna ɗan siyasar nan na Sakaba da ya zo a zana shi? Da ya ga hoton sai ya ɓata rai.

"Bature, wannan tumbin fa? Rage shi."

"Ranka ya daɗe, abin da ka kawo na zana. Je ka rage, ka dawo in gyara maka kyauta."

Mutumin ya fita da fushi, ya bar hoton. Baba ya juya bayan allon ya zana jaki a kai, wai ba a asarar katako.

Burushi kuwa bai taɓa saye ba. Wata safiya na tarar da bunsuruna babu gemu. Na leƙa ta katanga na ce, "Baba, wa ya aske mini bunsuru?" Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Shekara uku yana yawo da shi bai zana komai ba."

Iliya shi ne ɗana tilo, soja ne kamar ubansa. Aka tura su aiki wata ƙasa, abin da ya dawo mini akwatin kayansa ne kawai. Hotonsa ɗaya da nake da shi, yoyon rufi ya cinye. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Wayar salula ta shigo Zuru ke nan, ƙanwarsa ta dinga kira daga Suwidin, wai ya koma gida a yi masa aikin ido. Ya ce mata sanyi zai kashe shi kafin ya warke, me gawa za ta yi da ido mai kyau?

Rannan ya kira ni. "Maman Iliya, kawo kujerarki. Mu zana Iliya. Ni na riƙe fuskar yaron a kaina, ke kina ganin launi."

Wata uku muna abu ɗaya. Hancinsa har yana taɓa allo. In ya ɗauko kwalba sai in ce, "Wannan kore ne, Baba." Ya ce, "To miƙo mini mai ruwan ƙasa, kada in mayar miki da ɗa ganye." Da ya zo kan kunne na ce ya yi girma.

"Ke uwa ce, ba ki taɓa ganin kunnen nan ba. Ni na ja shi ranar da ya sace mini mangwaro."

Na yi dariya, ita ce ta farko tun da aka kawo akwatin. Ranar da ya sa idanun kuwa, ban iya zama ba. Na koma ɗakina na rufe ƙofa.

Saura hannuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, tsakiyar damina. Na kai masa kunu, bai sha ba. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Ki yafe mini hannuwan." Na ce, "Baba, fuskar nake nema, na kuwa samu." Kwana biyu bayan nan muka binne shi a maƙabartar cocinmu. Babu ɗan'uwansa ko ɗaya a wurin, mu ne muka karɓi gaisuwa.

Wani mai zanen allon shago ya ce zai ƙarasa mini hoton. Na gode masa, na ce a bar shi haka.

Ya Ubangiji, baƙon nan ya mutu nesa da ƙasarsu. Ka karɓe shi kamar ɗan gida, ka buɗe masa idanunsa, ka zaunar da shi kusa da Iliyana. Amin.