Autar Da Aka Bari A Kan Tabarma

Edita, a zamanin da auduga ke tashe a Funtuwa, ni bazawara ce mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ga baki ga saurin fushi. Ƙanwata ta rasu ta bar 'ya'ya uku. Ranar sadakar arba'in dangi suka zauna rabon riƙo, nan da nan aka ɗauke manyan biyu, aka bar autar a kan tabarma. Shekararta huɗu, ba ta magana, tafiya ma sai da dafa bango. Na ji gwaggonmu tana raɗa wai 'yar ruwa ce, a kai ta bakin rafi a ajiye. Na wanke gwaggon tas, na goya yarinyar na tafi.

Ana haka tarin tibi ya kama ni. Likita ya ce sai na kwanta asibiti watanni, kuma kada yarinya ta ƙara kwana ɗakina. Na san in ban samo mata gida ba, hannun gwaggon nan za ta faɗa. Na dinga yi mata kitso da lalle ina zaga gidajen masu hali daga Bakori har Malumfashi. Kowa sai ya ce ta gaishe shi, ta yi shiru, a sallame mu da goro. Wallahi na sha kuka a mota.

A Dayi muka shiga shan ruwa gidan wata manomiya da ba ta taɓa haihuwa ba, muka tarar tana niƙa tana waƙa. Yarinyar ta rarrafa ta dafa dutsen niƙan, tana gunguni tana bin amshi. Matar ba ta nemi gaisuwa ba, ta dai matsa mata wuri. Da na faɗa mata komai ta kira mijinta, suka ce in bar musu ita, ta yi magana ran da Allah ya so. Na kalli ɗakinsu na bunu na raina, sai da na yi ta jan ƙafa kafin na yarda. Ina nadamar wannan rainin.

Da na warke na koma, na iske yarinyar tana korar awaki. Yanzu ta girma, maganarta a hankali take, amma tana yi, hankalina kwance. Masu nema wa irin yaran nan riƙo, kada girman gida ya ruɗe ku, ku nemi mai haƙurin jira. Kalmar da ta fara furtawa Inna ce. Ba ni ta kira ba, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarta ba.