Darasin Ban Ruwa

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma na tsani a ce mini "bari tukuna". Wannan halin ne ya ja mini abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ina koyarwa a Sinnar, a ƙasar Sudan, lokacin da na ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa ni, wato shirya wa yaranmu darussan Hausa a waya. Abin ne ya ishe ni. Ka gai da ɗan ƙanenka da Hausa, ya amsa maka da Larabci, har da dariyarsa. Tsarin ba wuya: yaro ya saurari murya, a yi masa tambaya, ya taɓa amsa. In ya dace waya ta ce "Madalla", in ya kuskure ta ce "Sake gwadawa". Na yi darasi shida da muryata, da na zauna saurare ni kaina hamma na yi ta yi. Sai na ce na bakwai, na ban ruwa, muryar Baba za a ji.

Baba yana da 'yar gona a bakin kogi kusa da Abu Hujar. Gidaje takwas ne suka haɗu a kan injin ban ruwa ɗaya, wanda mu a nan babur muke ce masa. Kowane gida rabin yini yake samu, wanda ya rasa nasa kuwa sai bayan kwana huɗu. Ranar da na je tasa ce, daga safe zuwa azahar, ga shi jiya-jiya ya gama dashen albasa.

Na same shi da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali. Na kunna waya, ya fara bayani, na saurara. Ba abin da ke fita sai ƙarar inji. Na ce a kashe.

"Ya waladi, ɗana," in ji shi, "wanga babur in ya yi zafi anka kashe shi, ba shi tashi sai ya ga dama."

"Baba, minti goma ne kawai. Ni ma na san inji."

Ban san komai ba. Na taka da ƙafata na je na kashe.

Minti goma ya zama awa guda da wani abu. Jaki ya yi kuka, na ce a sake. Baba ya ce "moya" maimakon ruwa, na ce a sake. Ya yi tari, na ɓata rai kamar da gangan ya yi. Duk wannan yana tsaye yana faɗin yadda ake shayar da dashe tun rana ba ta yi ba, idonsa na kan inda ruwan ya tsaya. Na ga idon nan sarai, na yi kamar ban gani ba.

Da muka koma kan inji sai ya ƙi. Muka yi ta juya hannunsa, ni da shi, har tafina ya yi bororo. Ana kiran azahar maƙwabcin da ke bin mu ya iso, lokacin inji ya huce, juyi ɗaya ya yi masa ya tashi. Shi ma dashe gare shi, ba ragowar ruwan da zai ba wani. Ya dubi rabin gonarmu a bushe.

"Hajji, mi ya faru? Kai da ba ka wasa da ranarka?"

"Tsufa ne," Baba ya ce. "Ni na kashe shi. Ma'alesh, ba komi."

Ina tsaye a wurin, waya a aljihu, na bar shi ya ɗauki laifina. Ni da ban iya shiru ba ko a ta'aziyya.

Rabin dashen nan bai kai kwana huɗun ba. Baba ya tuge, ya nemo wani irin a makare, albasar shekarar ta fito ƙanana. Ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen ba, ni kuma na fake da shirunsa ban nemi gafara ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Darasin kuwa ya yi kyau, duk cikin darussan shi yara suka fi maimaitawa. Da na kunna wa Baba, ya kara wayar a kunne ya ji har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Kwayyis, ya yi kyau," ya ce. "Amma wa ya taɓa ban ruwa shiru hakanga?"

A ƙarshen darasin akwai tambayar da na rubuta da hannuna: me dattijon yake yi? Yana girbi, yana hutawa, ko yana ban ruwa? Kullum sai wani yaro a garin Suki ko Madani ya taɓa ta ukun, waya ta ce masa "Madalla". Muryata ce take faɗa.