Na Ari Hularka, Shomari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah Ya yi wa Malam Shomari Kondo rasuwa a gidansa da ke Kisarawe, bayan gajeriyar jinya. Ni Maganga ne, Banyamweze daga Tabora, shi kuwa Bazarame, don haka tun kakanni ƙabilunmu abokan wasa ne. Wannan wasa da muke kira utani ya ba ni damar tsokanarsa yana raye, ya kuma wajabta mini ita ranar makokinsa.

Shomari, ka karanci ilimin halayyar ɗan Adam har ka koyar da shi, amma ofishinka na gaskiya gindin mangwaron ƙofar gidanka ne. Miji da mata su zo kowa ya cika fam, sai ka zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, ka ajiye musu kwandon rogo da wuƙa guda ɗaya, dole wannan ya miƙa wa wancan. Ka ce in suna fuskantar juna laifi kawai suke nema. Daga nan ka jingina, ka turo hula goshi, ka lumshe ido, ka ce, "Ina jinku, ku ci gaba." Na sha gaya maka barci kake yi, kuma ka samu masu feraye maka rogo a ɓagas. Ba ka taɓa musawa ba. Amma na san gidaje da yawa da rogon nan ya hana su watsewa.

Na taɓa tambayarka abin da mutane suka fi tsoro, mutuwa ko talauci. Ka ce duk wanda ya zauna gabanka, babban tsoronsa shi ne ya yi magana babu mai ji.

To, tun da aka fita da kai, matarka Maman Kibibi ta daina magana. Ba kuka, ba abinci, ga ciwon suga. Hankalin kowa ya tashi. 'Yarku Kibibi ta same ni na yi tagumi, ta ce, "Baba Maganga, in kai ma ka yi shiru, wa ya rage mana?"

Wallahi zuciyata ta karye, amma na shiga ɗakinka na zura farar rigarka, wadda ta tsaya mini a gwiwa don ku Zaramawa ba ku da tsawo. Na sa hularka, na ja kujerarka tsakar gida gaban mata masu zaman makoki, na lumshe ido, na ce ina jinsu, su ci gaba. Sai na kama minshari.

Can na ji muryar Maman Kibibi.

"Maƙaryacin banza. Shomari bai taɓa yi wa baƙo minshari ba. Ni kaɗai yake yi wa."

Dariya ta ƙwace mata, daga dariyar kuka ya zo, ta yi mai isarta. Ta fara ba da labarinka, muka zauna muna ji, har ta shanye kunun da Kibibi ta miƙa mata ba ta ma lura ba.

Allah Ya jiƙanka, Shomari, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman Kibibi da Kibibi da ƙannenta da dukkan dangi, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Rigar na mayar, hular kam tawa ce.