Rumfar Makokin Kaka a Kan Hanyar Jirgi

Ni tun ranar farko ina goyon bayan jirgin. Duk macen da ta taɓa tsayuwa cikin rana a tashar motar kasuwar Suk al-Shabi tana kokawa da ƙattai a ƙofar mota, mayafinta ya maƙale a ƙusa, ba sai an yi mata wa'azi ba. Lokacin na gama sakandare, ina aiki a wani shagon buga takardu a Khartum, kullum sai na ƙetare gada daga Umdurman safe da yamma. Wannan duk kafin yaƙi ne.

Da aka ce za a shimfiɗa ƙaramin jirgin ƙasa mai yawo cikin gari, manya suka daɗe suna ja-in-ja. Na Khartum suka ce daga wajensu zai tashi. Na Umdurman suka ce ai su ne uwa. Na Bahri suka ce in bai kai unguwarsu ta Hajj Yusuf ba, kada ma a fara. Da suka gaji da juna, sai kowace mahalliya, wato ƙaramar hukuma, ta koma ta ji bakin unguwanninta. A taswirar da aka kawo mana, jan layin ya bi ta titinmu, daidai ƙofar gidanmu.

Baffa, yayan babana, shi ne shugaban kwamitin unguwa. Mutum ne da in aka ba shi kujera mai hannu da ruwan sanyi, ko rushe masa ɗaki aka ce za a yi zai ce madalla. Ya dawo gida yana bayani, hannu na yawo a sama. Kaka, mahaifiyarsu, tana zaune a gadonta na igiya tana jan carbi. Sai da ya gama tas ta ce, "To, in na mutu, a ina za a kafa siwan?"

Siwan ita ce babbar rumfar zane da ake kafawa a ƙofar gida in an yi rasuwa. A Umdurman titin gaba ɗaya ake tarewa har a share makoki, motoci su kewaya, ba mai cewa uffan. A nan aka kafa ta kakanmu, kuma Kaka ta daɗe da nuna mana inda turakun tata za su shiga.

"Inna, Allah ya ja kwana," in ji Baffa.

"Ban tambaye ka addu'a ba. Jirgin naka zai tsaya har a gama mini zaman makoki, ko ta cikin masu gaisuwa zai wuce?"

A zama na gaba Kaka ta ɗaura farin mayafinta ta ce in raka ta mahalliya. Na raka ta ina kumburi, don rabin ranar aikina ce ta tafi.

A ɗakin taron akwai jami'in mahalliya, mai tumbi da murmushin da ba ya kaiwa ido, da wani injiniya siriri riƙe da sandar nuna taswira. Kaka ta maimaita tambayarta. Injiniya ya ce, "Hajja, rabin titi kawai jirgin zai ci. Ɗaya rabin ya ishi siwan."

"Rabin titi? Ɗan nan, ka dube ni da kyau. Na yi maka kama da matar da za a yi wa kuka a rabin titi?"

Ya ce ya auna. Ta ce bai auna mutanenta ba. Jami'i ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, ya kamata a kafa mata ƙaramin kwamiti. Da na ji kalmar kwamiti sai na ga kaina na tsufa a tashar mota. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haba, jama'a! Siwan ɗin nan daga sama ake saukar da ita? Ku kafa ta mana a gani, in ta shiga ta shiga!"

Baffa ya harare ni. Amma injiniya ya ce shawara ce mai kyau, jami'i kuma ya ga hanyar tashi kafin azahar, sai aka amince.

Ranar gwajin, da sassafe injiniya ya zo ya ja layi da farar ƙasa a tsakiyar titi. Masu ba da hayar rumfa suka kafa siwan a ɓangarenmu, suka jera kujeru. Ta shiga kuwa, cif. Injiniya yana ta murmushi. Abu ɗaya ne babu wanda ya tuna a cikinmu: ba a gaya wa maƙwabta ba. Kuma siwan a ƙofar gidan tsohuwa, ba fitilu masu launi, ba kiɗa, ma'anarta ɗaya ce tak.

Maƙwabciyarmu ta gaba ce ta fara fitowa zubar da shara. Ta ga rumfa, ta yar da bokiti, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Shi ke nan. Kafin in ɗaura kallabi in fito, waya ta riga ta yi aikinta. Mata suka fara kwararowa suna kuka tun daga bakin lungu. Maza suka nufi Baffa, kowa ya ɗaga hannu ya ce Fatiha. Shi kuma Baffa, da yake hannu ya saba, sai ya ɗaga nasa ya shafa, sannan ya fara cewa, "A'a, ai ba ta…" Kafin ya ƙarasa wani ya rungume shi yana bubbuga masa baya. Na ga injiniya ma ya ɗaga hannu, ma'auninsa na lilo a wuyansa.

Na ruga ɗakin Kaka. "Kaka, fito su gan ki! An kashe ki a waje!"

Tana durƙushe a kan gado, ido ɗaya a ramin taga. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Rufe ƙofar, uwar gaggawa. Waccan mai kukan kamar akuya, matar mai nama ce?"

"Ita ce. Kaka, don Allah."

"Ba laifi, ta yi ƙoƙari. Ga tsofaffin kasuwa can, har da teloli. Ikon Allah, har wancan gurgun ya zo. Ita kuwa waccan, dubi, ko hawaye babu, tana duba waya. Na gan ta."

"Mutane suna suma!"

"Ba wadda za ta suma, na san su. 'Yata ta iso?"

Gwaggona take nufi, 'yarta mace tilo, wadda ke aure a Hajj Yusuf. Na ce ban gan ta ba. Ta ci gaba da leƙe.

Na fita ina ihu cewa tana da rai. Wata tsohuwa ta kama ni ta danna kaina a ƙirjinta tana cewa, "Haka ne, 'yar nan, tana da rai a zukatanmu." Maƙwabta suka fara fito da manyan farantan ful, wato dafaffen wake, da burodi, butocin shayi na zagayawa. Kujeru suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi. Layin injiniya kuwa ƙafafu suka share shi, jama'a suka cika titi bango zuwa bango har suka malala lungun baya. Jami'in mahalliya ya iso a motarsa, aka tare shi can nesa, ya tako da ƙafa, wani ya miƙa masa shayi.

Sai da liman ya aiko a tambaya ko an gama wanka sannan Kaka ta ce in miƙo mata sandarta. Ta fito ƙofa ta tsaya. Wani faranti ya faɗi. Matar mai nama ta yi salati ta zauna daɓas a ƙasa. Daga nan faɗa ya kaure, kowa na neman Baffa, Baffa na nuna ni. Amma abinci ya riga ya dahu, don haka aka yi faɗan ana ci.

Bayan azahar Gwaggo ta iso, takalmi ƙafa ɗaya, ido ya kumbura. Mota uku ta canza, kuma ta maƙale a gada. Ta ga uwarta zaune a kujerar gaba tana shan shayi, ta faɗa jikinta. Wannan kukan dai Kaka ba ta yi masa sharhi ba.

Jami'i ya matso yana share gumi. "Hajja, kin yi gaskiya. Rabin titi ba zai ɗauke ki ba. Zan kai magana sama a karkatar da layin zuwa wata unguwa."

Na buɗe baki, Kaka ta doke ni a ƙwauri da sanda.

"A karkatar da shi ina? Titin gaba ɗayansa ma ya yi mini kaɗan. Ba ka ga mutanena a rana ba? Kuma wannan na Umdurman ne kawai, na ƙauye ba su ji ba tukun. Ran da abin ya zo da gaske, a filin ƙwallon bayan masallaci za a kafa, siwan biyu. Ka amince a gaban liman."

Ya amince da sauri.

"Jirgi kuma ya bi ta nan, ya tsaya a ƙofar nan, ya kai Hajj Yusuf. Da yau da gaske ne, da an binne ni yarinyar nan tana kan gada."

Jami'i ya ce ai Hajj Yusuf ba a hannunsu take ba, maganar mutanen Bahri ce, kuma su ma ba su daidaita da na Khartum ba.

"Yaushe suke zama?"

Ya ce jibi.

Kaka ta juyo ta dube ni. "Kin ji. Ki gaya wa mai shagonku jibi ba za ki zo ba. Kuma ki wanke mini farin mayafin."