Littafin da Malam Munzali Ya Zaɓa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Zango ya san zauren Malam Munzali. Nan ya tsufa yana karantar da fiƙihu, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: littafin kirki shi ne wanda ya daɗe, ya sha hannun malamai har gefensa ya yi baƙi. Kai masa sabon bugu ka ga yatsina.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Jibril. Ya gama sakandare ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, abokansa kuwa sai zamewa suke ɗaya bayan ɗaya, su bi hanyar Agadas. Da ya ji wani kamfani a Katsina zai ɗauki masu iya rubuta manhajar kwamfuta, ya durƙusa gaban uban.

"Baba, littafi kawai nake buƙata. In wannan bai yiwu ba, ni ma tafiya zan yi."

Malam bai yarda wani ya zaɓa masa ba. Da kansa ya hau mota zuwa Kano, wajen masu tsofaffin littattafan boko. Mai shagon ya miƙo masa sabo ɗan siriri, ya ture. Ya ɗauko wani ƙato da bango ya ɓare, gefen kowane shafi cike da rubutun biro.

"Wannan ya ratsa malamai," in ji shi.

Gidan babu kwamfuta, sai Jibril ya yi yadda ya ga ana yi a zaure, ya kama hadda. Kullum da hantsi yana biyawa, uban na gyaɗa kai alhali ko harafi ɗaya na Turanci bai sani ba. Ranar da ya sauke littafin har waina aka raba, ni ma na ci. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A Katsina aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya zuba abin da ya haddace tsaf, na'urar ta ƙi karɓa. Mai jarrabawar ya leƙo ya ce ai an canza wannan yaren kwamfutar tuntuni, ba wanda ke rubuta shi haka yanzu.

Jibril bai yi wa uban ƙorafi ba. Bayan girbin gero ya tafi. Sau ɗaya ya kira daga Agadas, daga nan shiru, ga shi damina ta sake zagayowa.

Kwanan baya Malam ya kira ni zaure. Ya rame, rawanin ma ya yi masa yawa. Ya zaro littafin daga gafaka, inda yake ajiye shi tare da na fiƙihu, ya ce in duba masa shekarar da aka buga shi.

Na duba na ce, "Allah gafarta Malam, ya girmi Jibril."

Ya daɗe yana shafa bangon.

"To ai shi ya sa na zaɓar masa shi," ya ce.